Matsalolin dashen naman hanci a haɓa

Ƙara girman haɓa da naman hanci tiyata ce da ake yi wa mutumin da haɓarsa ta yi ƙanƙanta ko ta koma baya, inda likita ke yanke tozon karan hancinsa, wanda ƙashi ne haɗe da guringuntsi, ya dasa shi a gaban ƙashin muƙamuƙin ƙasa. Likita Gustave Aufricht, ɗan asalin Hungari da ya yi aiki a birnin New York na Amurka, shi ne ya bayyana wannan dabara a shekarar 1934. Ta samu karɓuwa domin abin da ake dasawa daga jikin mai shi ya fito, saboda haka jiki ba ya ƙin sa, kuma gyara biyu ake yi a shiga ɗakin tiyata ɗaya. Daga baya dashen silikon, wani abu mai kama da roba, da kuma tsaga ƙashin haɓa a turo shi gaba suka rage mata kasuwa.

Matsalolin da aka saba gani sun haɗa da shigar ƙwayoyin cuta, da gocewar dashen daga mazauninsa, da narkewarsa sannu a hankali har haɓar ta koma kusan yadda take, da kuma mutuwar ji a leɓen ƙasa idan aka taɓa jijiyar da ke fitowa daga ƙashin muƙamuƙi. Masu baƙar fata suna da ƙarin abin lura, domin yankan da aka yi a ƙarƙashin haɓa yana iya barin tabo mai tudu, shi ya sa yanka ta cikin baki ya fi dacewa da wanda jikinsa ke yin irin wannan tabo.

Matsalar da ba safai ake gani ba, kuma wadda ta fi rikita likitoci, ita ce ƙullutu mai ruwa da ke tasowa a wurin dashen. Cikin hanci yana da tantani mai fitar da majina, kuma idan ɗan guntunsa ya maƙale a jikin guringuntsin ba a kankare shi sarai ba, sai ya rayu a sabon mazauninsa, ya ci gaba da aikin da ya saba. Da yake majinar ba ta da mafita, sai ta taru cikin wata jaka da ke girma a hankali tana cin ƙashin da ke kewaye da ita. An ga wannan ƙullutu ya bayyana bayan shekaru goma ko fiye, wani lokaci ma bayan shekaru talatin. Tun a 1927 aka bayyana makamancinsa a Japan, a muƙamuƙin sama, bayan tiyatar kogon da ke gefen hanci.

Wannan dogon jinkiri shi ne tushen haɗarin. Mai kumburin yakan zaci ciwon haƙori ne ko maruru, ya daɗe yana shafe-shafe da shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma a hoton ƙashi ƙullutun yana kama da waɗanda ke fitowa daga saiwar haƙori. Abin da ke raba gardama shi ne binciken naman a madubin likita, inda ake ganin tantanin hanyar numfashi mai ƙananan gashi a wurin da ba shi da dalilin zama. Magani shi ne a cire jakar ɗungurungum tare da ragowar dashen, a cike ramin da ƙashi idan ya yi faɗi.

Ga mazauna zangunan Ghana, daga Nima da Mamobi a Akra zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, asibitocin koyarwa na Korle Bu da Komfo Anokye suna da sassan tiyatar baki da muƙamuƙi da ke duba irin wannan kumburi. Wanda aka yi wa aikin a ƙasar waje da daɗewa yana iya mantawa da shi, ko kunya ta hana shi faɗa, alhali wannan labari ne zai sa likita ya nemi hoton sikan kafin a kai ga cire haƙoran da lafiyarsu lau.