Allo Kaɗai Ba Ya Rage Gudun Mota a Ƙauye

An daɗe ana ɗauka cewa da zarar an kafa allon ƙayyade gudun mota mai ƙaramar lamba a bakin ƙauye, direbobi za su sassauta. Ba haka abin yake ba. Direba yakan bi abin da idonsa ya gani: faɗin titi, kwanoni, gidaje, masu tafiya a ƙafa. Titi miƙaƙƙe mai faɗi, ko an rubuta 30, ragin da za a samu ɗan kaɗan ne.

Shi ya sa kafin a tsayar da lamba, injiniyoyi kan sa na'urar auna gudu a titin na wasu kwanaki, su fitar da matsakaicin gudu, su duba tarihin haɗurra da nisan da direba ke iya hangowa. A Ingila, ƙa'idar ma'aikatar sufuri ta 2013 ta ɗauki wuri a matsayin ƙauye idan yana da gidaje 20 ko fiye a tsawon aƙalla mita 600, kuma mil 30 a awa aka fi sa masa. Idan gudun da aka auna ya zarce lambar sosai, titin kansa ake taɓawa: a matse shi a mashigar ƙauyen, ko a yi tudun rage gudu.