Kiɗan mutum uku na fiyano a ƙarshen zamanin Romantik: aro da ƙirƙira

Kiɗan mutum uku na fiyano, wanda a Turai ake ce wa tiriyo, kiɗa ne da ake tsara wa kayan kiɗa uku kacal: fiyano, da biyolin wadda kamar goge take sai dai ita tsirkiya huɗu gare ta, da kuma celo, babbar yayarta mai kaurin murya da ake jingina ta tsakanin gwiwoyi. Asalinsa kiɗan cikin ɗaki ne, na falon masu hali. A lokacin Haydn, mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya wanda ya rubuta tiriyo sama da 40, fiyano ce ke da gida, celo kuwa bin hannun hagun mai fiyano kawai take yi. Beethoven da Schubert da Mendelssohn su suka bai wa kowa bakin magana, to daga wajen 1850 zuwa 1900, wato ƙarshen zamanin da ake kira Romantik a kiɗan Turai, duk wanda ya zauna zai rubuta tiriyo sai ya tarar manya sun riga sun cika wurin, kuma masu sharhi a jaridu ba sa raga wa kowa, da sun ji wani kari ya yi kama da na wani sai su ce ai aro ne.

Brahms, mai tsara kiɗa Bajamushe, shi ya fi kowa shan wannan fama, kuma hujjar tana nan a rubuce domin tiriyonsa na farko iri biyu ne. Ya gama shi a 1854 yana saurayi ɗan shekara 20 da ɗoriya, doguwar aba ce mai yawan rassa, a ciki akwai karin da kowa ya san daga wata waƙar Beethoven ya fito da wani kuma mai kama da na Schubert, bai ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Bayan mai buga littattafansa Simrock ya samu haƙƙin tsofaffin ayyukansa, sai a 1889 Brahms ya koma kansa ya yanke kusan kashi ɗaya bisa uku, ya tsige waɗancan are-aren, ya sa sababbin kari nasa, sannan ya gaya wa abokinsa wai gashi kawai ya taje wa abin bai sa masa gashin kanti ba, alhali kusan sabon gini ya yi a kan tsohon tushe. Abin burgewa bai hana a ci gaba da buga na farkon ba. Yau na 1889 aka fi kaɗawa, amma akwai makaɗan da ke cewa na saurayin ya fi rai ko da ya fi surutu, kuma gaskiya suna da abin faɗa. Sauran biyun, na 1882 da na 1886, gajeru ne matsattsu, musamman na ƙarshen da ya rubuta a bakin tafkin Thun a Suwizalan.

Shi kuma Brahms ɗin sai ya zama inuwar da wasu ke neman fita daga ƙarƙashinta. Dvorak ɗan ƙasar Cek, Brahms ne ya ga aikinsa a kwamitin tallafin gwamnatin Ostiriya ya kuma haɗa shi da Simrock a 1877, saboda haka ba mamaki tiriyonsa na 1883, wanda ya rubuta watanni kaɗan bayan rasuwar mahaifiyarsa, shi ne ake cewa ya fi duk ayyukansa kama da na Brahms, nauyi da tsauri da dogon ginin babin farko. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma wanda duniya ta fi riƙewa shi ne Dumky na 1891, inda ya watsar da tsarin sonata gaba ɗaya, wato tsarin nan na kawo kari biyu a juya su a dawo da su wanda tun Haydn ake bi. Babi shida ya jera, kowanne dumka ce, irin waƙar juyayi ta mutanen Yukiren da sauran Silabawa, ana cikin baƙin ciki a hankali kwatsam sai rawa ta ɓarke sannan a sake komawa juyayin. Shi da kansa ya kaɗa fiyano a ranar farko a Firag cikin Afrilun 1891, da Ferdinand Lachner a biyolin da Hanus Wihan a celo, suka zaga garuruwan Cek da shi kafin ya tafi Amurka a 1892. Wanda ya duba kurakuran bugun littafin lokacin da Dvorak yake can Amurka kuwa Brahms ne. Kafin su duka akwai Smetana, wanda a 1855 ya rubuta tiriyo bayan mutuwar 'yarsa Bedriska tana da shekara 4, masu sharhi a Firag suka yi masa sanyi-sanyi sai shahararren mai fiyano Liszt ne ya yaba.

A Rasha lamarin ya sha bamban, su can ba ɓoye aron ake yi ba, alfahari ake yi da shi. Labarin ya faro da Nadezhda von Meck, attajirar da ke ɗaukar nauyin mai tsara kiɗa Tchaikovsky. A 1880 tana da makaɗa uku a gidanta, mai fiyanon wani yaro ne Bafaranshe ɗan shekara 18 sunansa Debussy, shi ma ya rubuta tiriyo a lokacin wanda ya ɓace sai wajen shekara ɗari bayan nan aka tattaro shi. Ta tambayi Tchaikovsky me ya hana shi rubuta irin wannan, ya amsa mata cewa kunnensa ba ya jure haɗuwar fiyano da kayan tsirkiya, azaba ce a gare shi. Sai ga shi a Maris na 1881 abokinsa Nikolai Rubinstein, shugaban makarantar kiɗa ta Mosko, ya rasu a Faris, kafin shekara ta zagayo Tchaikovsky ya zauna a Roma ya rubuta tiriyon da ya ce ba zai iya ba, ya sadaukar da shi ga tunawa da babban gwani. Babi biyu ne kawai amma yana cin kusan minti 50, na biyun kari ɗaya ne mai sauƙi ake ta canja masa kama, nan ya zama rawar wals, can ya zama rawar mazurka, har a ƙarshe karin babin farko ya dawo da takun jana'iza. Ɓangaren fiyanon yana da wahalar gaske don Rubinstein gwanin fiyano ne, kuma masu suka har yau suna cewa abin ya fi ƙarfin mutum uku, kamar na babbar ƙungiyar makaɗa aka matse.

Daga nan tiriyo ya zama kiɗan ta'aziyya a Rasha. Da Tchaikovsky ya rasu a Nuwamban 1893, Rachmaninoff yana ɗan shekara 20 ya fara nasa nan take, ya ɗauki kalmomin sadaukarwar iri ɗaya, ya sa babin canje-canjen kari a tsakiya, ya rufe da dawo da karin makoki na farko. Wanda zai ce kwaikwayo ne bai yi ƙarya ba, sai dai da gangan aka yi, ta'aziyyar ke nan, kuma nauyin hannu a fiyanon da yadda karin ke gangarowa a hankali tun a nan ana jin Rachmaninoff ne ba wani ba. Al'adar ta kai har 1944 lokacin da Shostakovich ya rubuta tiriyonsa na biyu don abokinsa Sollertinsky.

Faransawa sun bi tasu hanyar, Saint-Saens ya yi na biyunsa da babi biyar a 1892, Ravel kuma a 1914 ya riga ya fita daga Romantik ɗin ma.

Wanda zargin aro ya fi yi wa illa shi ne Arensky ɗan ƙasar Rasha. Tiriyonsa na 1894 na tunawa da gwanin celo Karl Davydov ne, shi ya sa celo ke da manyan wurare a ciki musamman babi na uku, mai juyayi, inda ake danne muryar tsirkiyoyin. Ana jin Tchaikovsky a ciki, ana kuma jin Mendelssohn, har ma'aunin sautin ɗaya ne da na tiriyon Mendelssohn na 1839. Malaminsa Rimsky-Korsakov ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa cewa Arensky da ƙuruciya tasirinsa ya bi, daga baya ya bi na Tchaikovsky, kuma ba da daɗewa ba za a manta da shi. Yawancin ayyukan Arensky kam an manta, amma wannan tiriyon yana cikin waɗanda ƙungiyoyin mutum uku suka fi kaɗawa da naɗa a faifai, shi kuwa tiriyon da Rimsky-Korsakov ya fara a 1897 bai gamsu da shi ba ya ajiye, sai surukinsa Maximilian Steinberg ne ya ƙarasa shi bayan rasuwarsa.