Garuruwan da jiragen Ethiopian Airlines ke sauka da waɗanda suka bari: tambayoyi da amsoshi

Alhazan Maraɗi da ke fatauci tsakanin Dubai da ƙasar Sin sun san filin jirgin sama na Bole da ke Adis Ababa kamar yadda suka san tashar mota ta garinsu, domin a nan ne da yawa daga cikinsu ke sauya jirgi. Sai dai taswirar hanyoyin Ethiopian Airlines, kamfanin jiragen sama na ƙasar Habasha, ba ta zama wuri ɗaya, kuma kowane gari da aka ƙara ko aka cire yana da dalilinsa.

Ina ne jiragen kamfanin suka fara zuwa?

An kafa kamfanin a watan Disamba na 1945, zamanin Sarki Haile Selassie, tare da taimakon kamfanin TWA na Amurka, wanda ya ba da matuƙa da masu gyara a shekarun farko. Tafiyar farko zuwa ƙasar waje an yi ta ne ranar 8 ga Afrilu, 1946, daga Adis Ababa zuwa Alkahira, aka ya da zango a Asmara, cikin jirgi samfurin Douglas C-47 wanda ragowar kayan Yaƙin Duniya na Biyu ne. Daga nan aka buɗe hanyoyin maƙwabta irin su Jibuti, Adan da Nairobi. Turai ta biyo baya, inda aka kai Frankfurt a 1958, sannan a 1973 jiragen kamfanin suka fara sauka a ƙasar Sin, lokacin da kamfanonin duniya ƙalilan ne ke zuwa can. Amurka kuwa sai a 1998 aka kai ta, da hanyar Washington. A yau kamfanin yana zuwa garuruwa fiye da 120 a wajen Habasha, fiye da 60 daga cikinsu a nahiyar Afirka.

Yaushe ya iso Afirka ta Yamma, kuma yaushe ya shigo Nijar?

Ya iso tun a ƙarshen 1960, lokacin da ya haɗa Adis Ababa da Legas da Akara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani, domin hanyoyin sama na Afirka Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa su ne daga kudu zuwa arewa, ta yadda wanda zai je gabashin nahiyar daga yammacinta sau da yawa sai ya bi ta Faris ko Landan tukuna.

Nijar kuwa ta daɗe a hannun wasu. Tana cikin ƙasashen da suka kafa kamfanin jiragen sama na haɗin gwiwa mai suna Air Afrique a 1961, kuma wannan kamfani ne da na Faransa suka fi riƙe filin jirgin Yamai har Air Afrique ya durƙushe a 2002 saboda bashi. Ethiopian Airlines ya buɗe hanyar Yamai ta yanzu ne a 2013, a shekarar da ya fara zuwa Inugu, sannan ya buɗe ta Kano a 2014. Muhimmancin hanyar Yamai ya ƙara fitowa fili bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, lokacin da Air France ya dakatar da zuwa a watan Agusta, daga bisani kuma hukumomin Nijar suka haramta wa jiragen Faransa shiga sararin samaniyar ƙasar. Fasinjojin da suka saba bi ta Faris sai suka rarrabu tsakanin Adis Ababa, Istanbul da Kasabalanka.

Mutumin Maraɗi, ta Yamai ya fi masa ko ta Kano?

Jiragen Ethiopian Airlines ba sa sauka a Maraɗi, saboda haka dole matafiyi ya zaɓi ɗaya cikin filaye biyu: Diori Hamani na Yamai ko Malam Aminu Kano. A ma'aunin tazara babu gardama, domin Yamai ta haura kilomita 600 daga Maraɗi, tafiyar yini guda a bas ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, alhali Kano ba ta kai kilomita 300 ba ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. Wannan ne ya sa 'yan kasuwa da masu zuwa Umara da yawa suka fi karkata ga Kano.

Amma kusa ba ita ce sauƙi ba a kowane lokaci. Hanyar Kano tana da iyakar ƙasa a tsakiya, kuma kowa ya ga yadda aka rufe ta daga Agusta 2023 har zuwa Maris 2024, wanda ya riƙe tikitin Kano a lokacin ya san abin da ya sha. Ga kuma jami'an kwastan ga mai dawowa da kaya, ga matsalar tsaro a yankin Jibiya wadda ke hana tafiyar dare, ga bambancin farashi tsakanin tikitin da aka saya da naira da wanda aka saya da sefa, wanda yake hawa yana sauka tare da canji. A ganina, mai ƙaramar jaka da ya san hanya Kano ta fi masa, amma mai tafiya da tsofaffi ko mai dawowa da kaya masu yawa ya kamata ya lissafa wahalar iyaka kafin ya raina nisan Yamai.

Waɗanne garuruwa ne aka taɓa zuwa aka daina, kuma me ya jawo?

Labarin Asmara ya fi kowanne ɗaukar hankali. Garin da jirgin farko ya ya da zango a 1946 ya fita daga taswira a 1998, da ɓarkewar yaƙi tsakanin Habasha da Eritiriya, kuma shekara 20 cif babu jirgin da ya haɗa biranen biyu. Bayan sulhun da Firaminista Abiy Ahmed ya ƙulla da Shugaba Isaias Afwerki, jirgi ya sauka a Asmara ranar 18 ga Yuli, 2018, ɗauke da mutanen da suka rabu da 'yan uwansu tun suna yara. Ba a daɗe ba dangantaka ta sake tsami, aka dakatar da hanyar a Satumba 2024. Mogadishu ma ta yi shekara 41 a rufe kafin a koma mata a 2018. Khartum ta fita a Afrilu 2023 da yaƙin Sudan, kuma ko a cikin gida, hanyar garin Mekele ta yanke a lokacin yaƙin Tigray har sai a Disamba 2022.

Wasu hanyoyin kuma ciniki ne ya kashe su, ba bindiga ba. An buɗe Los Angeles a 2015 ta hanyar Dublin, aka rufe ta a farkon 2019, aka koma Houston a ƙarshen wannan shekara, sai annobar korona ta tarar da ita tana jaririya. Kujerar jirgi ba gero ba ce da za a zuba a rumbu a jira farashi ya tashi. Idan jirgi ya tashi da ita babu kowa, asarar ta tabbata, shi ya sa kamfani ba ya jinkirin janye jirgi daga inda ba ya cika.

Akwai kuma Kaduna, wadda ta shiga jerin ta wata ƙofa dabam. A Maris 2017 an rufe filin jirgin Abuja na mako shida domin gyaran titin saukar jirage, aka karkatar da zirga-zirga zuwa Kaduna, inda manyan kamfanonin Turai suka ƙi zuwa, Ethiopian Airlines kuwa ya je.

Me ya sa jirgin da zai je Amurka ke tsayawa a hanya, amma idan zai dawo ba ya tsayawa?

Dalilin yana cikin tudun da Adis Ababa ke kai. Filin Bole ya haura mita 2,300 daga matakin teku, iska a can ba ta da kauri, saboda haka jirgi ba zai iya tashi da cikakken fasinja da kaya da man da zai kai shi Washington ko Toronto a tashi ɗaya ba. Sai ya tashi da mai daidai gwargwado, ya tsaya a Turai ya ƙara, a wasu shekaru Rum, a wasu Dublin. A dawowa kuwa daga ƙasa-ƙasa yake tashi, iskar sama kuma tana tura shi daga baya, sai ya zarce kai tsaye. Idan aka ga sunan gari irin wannan a jerin hanyoyi, a lura, domin wani zangon na shan mai ne kawai, ba a sauke fasinja ko a ɗauka.

Me ya haɗa shi da ASKY da ke zuwa Yamai daga Lome?

ASKY, kamfanin jiragen sama mai hedikwata a Lome babban birnin Togo, ya fara aiki ne a 2010 domin cike gurbin da Air Afrique ya bari, kuma Ethiopian Airlines yana da hannun jari a cikinsa, shi ne kuma abokin aikinsa ta fuskar gudanarwa. Da wannan Lome ta zama cibiya ta biyu: ASKY yana tattaro fasinjoji daga Yamai, Wagadugu, Bamako da sauransu, jirgin Habasha kuma ya ɗauke su daga Lome zuwa Newark da ke daf da New York, hanyar da aka buɗe a 2016. Saboda haka ɗalibin Maraɗi da zai je New York yana iya riƙe tikitin Ethiopian Airlines ba tare da ya taka Adis Ababa ba. An gwada irin wannan haɗin gwiwa a Chadi da kamfanin Tchadia Airlines a 2018, amma bai yi ƙarko ba, aka rushe shi a 2022.