Waiwaye: Dalilin da sunan fayil ke rikiɗewa tsakanin waya da kwamfuta

Malaman firamare a ƙauyukan Ringim da Taura sun daɗe suna musu a kan abu guda. Malami zai sa wa folda suna "ɗalibai", ya dunƙule ta a ZIP (tsarin matse fayiloli su zama ƙunshi ɗaya), ya tura wa mai shagon kwamfuta a gari. Can sai ta buɗe da "╔ùalibai", wani sa'in ma manhajar ta ce ba ta ga fayil ɗin ba. Wasu na cewa bairos ne, wasu na cewa a daina sa haruffa masu ƙugiya kowa ya huta.

Lamarin ya girmi wayoyin da ke hannunmu. ASCII na 1963, jadawalin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, gurbi 128 kawai ya ƙunsa, babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ. Unicode, babban jadawalin haruffan harsunan duniya, ya zo a 1991, UTF-8, hanyar rubuta shi a cikin fayil, a 1992, haruffanmu suka sami gurbi.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne 2006. Tsarin ZIP na 1989 yana karanta sunan fayil ne da wani tsohon jadawali mai gurbi 256. A 2006 aka ƙara wata 'yar alama a cikin fayil ɗin, wadda ke shaida wa mai buɗewa cewa da UTF-8 aka rubuta sunan. Gyara ne mai kyau, sai dai sa alamar bai zama dole ba. Manhaja za ta iya rubuta sunan da sabon tsari ta bar alamar, mai buɗewa kuwa ya koma wa tsohon jadawali. Harafin ɗ bayit biyu ne a UTF-8 (bayit ƙaramin ma'aunin bayanai ne a kwamfuta), sai a karanta kowane bayit daban, shi ne ╔ da ù ɗin nan. Wanda sunayen fayilolinsa duk haruffan Turanci ne ba zai taɓa ganin wannan ba, domin a kansu jadawalan biyu bakinsu ɗaya. Ga shi da irin waɗannan sunaye aka fi gwada manhaja.

A buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa ke iya duba cikinta ya gyara, aikin na tafiya sannu a hankali. Sai a 2022 Python, wani harshen rubuta manhaja da ke cikin wannan rukuni, ya ba masu rubuta manhaja damar faɗin jadawalin da za a karanta sunayen cikin ZIP da shi.

Ni dai shawarar cire ƙugiya tana min ciwo, "ƙasa" da "kasa" ba ɗaya ba ne. Mai gyaran manhaja kuwa ba ya buƙatar wani dogon bayani daga Taura, abu uku sun ishe shi: fayil ɗin da ya rikiɗe, sunansa na asali, da sunan manhajar da ta dunƙule shi.