Bawul ɗin hana tankin mai tumbatsa: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Masu gidajen mai da masu binne tankuna, tambayoyinku ba sa canzawa. Ga amsoshin nan, a karanta kafin a sake ɗaga mini waya.

Mene ne aikinsa?

Yana zaune ne cikin bututun da mai ke bi ya sauka tanki. Yana da hannu mai ɗauke da wani abu mara nauyi da ke iyo a saman mai. Mai ya taso, hannun ya ɗaga, murfi ya faɗa ya toshe bututun. Ba ya cin wuta, ba ya son batir.

Ai muna awo da sanda kafin a sauke. Me zai sa in kashe kuɗi?

Sanda ba ta tsayar da mai, Alhaji. Mutum ne ke karanta ta, mutum kuwa yana gajiya, yana ɗaura tiyo a bakin tankin da ba shi ba, yana amsa waya. A watan Agustan 1998, a garin Biloxi na jihar Mississippi a Amurka, direban tanka ya cika tankin ƙasa na wani gidan mai har fetur ya malala kan titi ya kama wuta. Mutum biyar suka rasu. Ko wuta ba ta tashi ba, man da ya shiga ƙasa ruwan rijiyoyin maƙwabta zai nufa. Ka ci gaba da awonka, ka kuma sa bawul.

Ana cikin sauke mai tiyo ya yi tsalle da ƙara. Ya lalace ne?

Kwantar da hankalinka, aikinsa ya yi. Irin wanda aka fi sani sau biyu yake rufewa: in tanki ya cika kashi 95 cikin 100 babban murfin ya faɗa, ya bar 'yar ƙaramar kafa mai wuce kamar galan 5 a minti, don direba ya rufe tankarsa ya tsiyaye abin da ya rage a tiyo. In direban bai rufe ba, wajen kashi 98 kafar ma ta toshe. Amma in kullum tiyonku sai ya yi tsalle, to odar da kuke yi ta fi ƙarfin tankin. Bawul ɗin ba ma'auni ba ne.

Direba ya ce yana ɓata masa lokaci, sai ya bar sandar awo a cikin bututun.

Wannan ba tambaya ba ce, laifi ne. Sandar tana tokare murfin ya kasa rufewa, wani lokaci ta lanƙwasa shi har abada. Kafin kowace saukewa a haska fitilar da ba ta tada tartsatsi cikin bututun. Za ka yi mamakin yawan karyayyun sandunan da ake zarowa.

A wane tsayi zan saita shi, musamman a tsohon tanki?

Yawwa, ga tambayar da ta cancanci zama. Amsarta kuma ya danganta.

Dokar hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda mutane da yawa ke kwaikwayo, ta ce ya yanke mai kafin tanki ya wuce kashi 95. Turai na da nata ma'aunin, EN 13616. Sai ka fara duba abin da hukumar ƙasarka ta ce. To amma kashi 95 ɗin nan na yawan mai ne, ba na tsayi ba, kuma a nan ake yawan faɗawa rami. Tankin a kwance yake, zagayayye, samansa tsukakke ne. A tanki mai shafaffun kawuna, wato ƙarshensa biyu a shafe suke, mai na kai kashi 95 ne tun yana wajen kashi 90 na zurfin tankin. Idan zurfin mita 2.5 ne, kusan santimita 24 ke nan ƙasa da rufin. Wanda ya auna kashi 95 na tsayi ya yanka bututun da bawul ke jikinsa, ya saita bawul ɗinsa kusa da kashi 98 bai sani ba. In kawunan tankin masu tudu ne lissafin ya ɗan canza, saboda haka jadawalin awon wannan tankin, mai nuna litoci nawa ne a kowane zurfi, za ka bi, ba na maƙwabcinsa ba.

A tsohon tanki kuma, ni ban cika yarda da jadawalin ba sai na auna da hannuna. Ƙasa na danne tanki ya ɗan baje, zurfinsa ya ragu. Yana kuma iya karkacewa. In yana da baki biyu, auna mai a kowane ɓangare ka gwada. Idan bututun saukewa na ɓangaren da ya nutse, bawul zai rufe da wuri, asararka 'yan litoci ne kawai. Idan yana ɓangaren da ya ɗaga, nan ne matsala: kafin hannun ya ji mai, can ɗaya ƙarshen ya riga ya taɓa rufi. A irin wannan sai a sauko da shi ƙasa. Da nawa? Gwargwadon karkatar, ba zan ba ka lamba ban ga tankin ba.

Awon kuma daga bakin bututun zuwa cikin rufin tanki ake yi, ba daga daɓen siminti ba. Kowane kamfani na da inda yake sa alamar rufewa a jikin bawul ɗinsa, don haka takardarsa ta fi ƙwaƙwalwarka. Hannun ya fuskanci tsawon tankin, nesa da famfo da na'urar awo, kada ya maƙale. Ƙarshen bututun a yanke shi a karkace, kada ya fi santimita 15 daga gindin tanki. In kana shakka, ka yi ƙasa. Bututun alminiyom in ka yanke ba ya komawa.

Tankar da ke kawo mana dizal da famfo take turawa. Zai yi?

A'a. Na yau da kullum an yi shi ne don man da ke gangarowa da kansa, da tiyo ɗaure gam a bakin bututu. Ka nemi wanda aka ƙera don famfo. Wanda kuma ke zura tiyo sakaka babu ɗauri, ranar da murfi ya faɗa a jikinsa man zai dawo.

Akwai tsohuwar ƙwallo a bututun fitar iska. In bar ta?

Cire ta. Ita ma iyo take yi, ta toshe bututun iskar in mai ya taso. Idan ta riga bawul ɗin toshewa, iska ta matsu a tanki, mai zai nemi duk wata kafa ya fito. Amurka ta hana sa sabuwa ko maye gurbin tsohuwa tun Oktoban 2015.

Bokitin da ke kewaye da bakin bututun bai isa ba?

Na ɗigon tiyo ne. Galan nawa yake ci?

Yaushe ake dubawa?

Dokar Amurka ta ce duk shekara 3, a tabbatar yana motsi kuma yana daidai tsayinsa. Ni na fi son a zaro shi a gani da ido, kuma a ƙara dubawa duk lokacin da aka taɓa bututun ko aka canza irin man da ke tankin.

Yaron da ke gyara mana famfo zai iya sa shi?

In an horar da shi kan aikin tankin mai, yana da kayan aikin da ba sa tartsatsi, kuma zai yi yanka da huda nesa da bakin tanki, bismillah. In ba haka ba, ya tsaya ga famfonsa.