Masu tambayata ra'ayi kan sabbin littattafai, ga amsoshinku

Na gaji da maimaita magana ɗaya a inbos, duk wanda ya sake tambaya wannan zan tura masa.

Malam wane sabon littafi ne ya fi burge ka bana?
Ba zan faɗa ba. Marubutan duk suna da lambata.

Kana karanta na WhatsApp da Wattpad?
Ina karantawa mana. Wasu ma sun fi waɗanda aka buga daɗi, matsalarsu tsawo, sai a ci shafi talatin ana lissafin akwatunan lefe labari na tsaye cak kamar go-sulo ɗin Nyanya.

Nawa ake ba ka ka yabi littafi?
Ka ji tsoron Allah.

Ƙawata ta rubuta littafi tana son in faɗa mata gaskiya, ni kuma bai yi min ba, ya zan yi?
To wannan kam sai a hankali 'yar uwa, don ya danganta da inda littafin yake. In bai tafi maɗaba'a ba ki zauna da ita ki faɗa mata komai da biro a hannu. In kuwa an riga an buga, an kama hol a Wuse, an raba katin ƙaddamarwa, to gaskiyarki ba za ta dawo da kuɗin takarda ba, sai dai ta ɓata zumunci. Kuma kar ki yi ƙarya, ki nemo abu ɗaya da ya yi kyau da gaske ki tsaya a kansa. Wani ɗalibina ya miƙo min nasa a taron marubuta a Mpape, na ce masa hirar kakar nan a babi na uku ta yi rai, kuma wallahi ta yi. Sai bayan wata uku na nuna masa direban da ya kashe a babi na biyar ya dawo yana tuƙi a na tara. Ya ƙaurace min sati biyu, ya dawo da sabon rubutu. Amma fa ba kowa ke dawowa ba, ke kika san halin ƙawarki.

Na yanzu sun kai su Abubakar Imam?
Ku daina wannan kwatancen. Littattafan gasar rubuta labaran Hausa ta 1933, wadda su Imam suka shiga, sai da Rupert East, Baturen da ke shugabantar ofishin fassara, ya tace su a Zariya kafin a buga, na yanzu wa ke tace musu? Edita muka rasa, basira na nan.

Zan iya turo maka nawa?
Akwai goma sha ɗaya a gabanka, sai bayan sallah.