BRG1: furotin mai buɗe kromatin a jikin ɗan Adam

BRG1 furotin ne da ke aiki a cibiyar tantanin halitta. Shi ke matsar da ƙullin da DNA ke naɗe a jikinsu domin a samu damar karanta ƙwayoyin gado. Ƙwayar gadon da ke samar da shi sunanta SMARCA4, tana kan kromosom na 19, kuma furotin ɗin ya ƙunshi amino asid, wato tubalan ginin furotin, kimanin 1,647. Haruffan DNA kuwa, ko ɗaya ba ya canzawa. Wurin da za a buɗe da wurin da za a bari a rufe, nan ne hannunsa yake.

Dalilin buƙatarsa

DNA ɗin da ke cikin tantani guda, in an miƙe shi, ya kai mita 2, alhali cibiyar da ke ɗauke da shi ba ta wuce maikuromita 10 ba, wato ɗaya bisa ɗari na milimita. Sai da naɗi. Kamar zare a jikin mazari, haruffa 147 na DNA kan zagaye dunƙulen furotin 8 da ake kira histon, bibbiyu daga H2A da H2B da H3 da H4, zagaye ɗaya da kusan biyu bisa uku. Wannan ƙulli shi ne nukliyosom, jerinsu kuma shi ne kromatin. Naɗin ya magance ƙarancin wuri amma ya haifar da wata matsalar: duk harafin da ya manne a jikin histon, furotin masu kunna ƙwayoyin gado ba sa isa gare shi cikin sauƙi. Tantanin hanta da na jini DNA ɗinsu iri ɗaya ne, bambancinsu yana ga wuraren da kowannensu ya buɗe.

Yadda yake aiki

BRG1 ba ya tafiya shi kaɗai. Shi ne injin wata tawagar furotin 10 zuwa 15 da ake kira SWI/SNF ko BAF, mai siga uku a jikin mutum: cBAF da PBAF da ncBAF. Kowace tawaga inji ɗaya take ɗauka, ko BRG1 ko ɗan'uwansa BRM, wanda SMARCA2 ke samarwa. Ba sa haɗuwa a tawaga guda.

Furotin masu gane takamaiman haruffa ne ke janyo tawagar zuwa inda ake so. Wani sashe na BRG1 da ake kira bromodomen kan riƙe wutsiyar histon mai ɗauke da wata 'yar alamar sinadari da ake kira asetil. Daga nan injin ya kama DNA a tazarar haruffa kusan 20 daga tsakiyar nukliyosom, ya fasa ATP, wato makamashin tantani, ya ja zaren harafi-harafi. Zaren ya ɗan kumburo, kumburin ya zagaya dunƙulen, sai nukliyosom ya gusa gefe, wani lokaci ma histon ɗin su fice gaba ɗaya. Buɗewar ba ta dawwama. In aka tsayar da injin da magani a ɗakin gwaji, cikin mintuna wuraren kan fara rufewa, wato aiki ne na kullum kamar sharar tsakar gida a lokacin hunturu.

An fara gano wannan tawaga a jikin yis a shekarun 1980, aka sami makamancinta a ƙudan 'ya'yan itace a 1992, sannan a 1993 ɗakin binciken Gerald Crabtree a Jami'ar Stanford ta Amurka ya bayyana BRG1 na mutum.

Alaƙarsa da jini

Wannan fanni ya fi kusa da mu. Kafin jajayen ƙwayoyin jini su samar da himoglobin na manya, furotin KLF1 kan kira tawagar BRG1 ta buɗe yankin beta-globin da ke kromosom na 11, yankin da kuskuren sikila yake ciki. Ɓerayen da aka raunana musu BRG1 kan mutu tun a ciki saboda ƙarancin jini. Shi kuwa himoglobin na jarirai, wanda ke sassauta sikila, BCL11A ne ke kulle shi da taimakon wata tawagar daban mai suna NuRD. Maganin Casgevy da aka amince da shi a 2023 wannan kullen yake buɗewa. Ga masu nazarin cutar a cibiyar binciken sikila ta Jami'ar Abuja, ilimin kromatin ba na nesa ba ne.

In ya lalace

Nazarin da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 20 cikin 100 na sankarar mutane na ɗauke da lahani a ɗaya daga furotin ɗin wannan tawaga. Akwai wata muguwar sankarar ƙwan mace da ke kama 'yan mata da matasan mata, sau da yawa tare da hauhawar kalsiyam a jini. A 2014 aka tabbatar kusan dukkanta rashin BRG1 ne tushenta. Ana kuma ganin lahanin a wani kaso na sankarar huhu. In an haifi yaro da tawaya a kwafi ɗaya daga cikin kwafi biyu na SMARCA4, yana iya samun ciwon Coffin-Siris: jinkirin girma da koyo, da ƙanƙancewar farcen ƙaramin yatsa. Ƙari, wato kumburin sankara, in ya rasa BRG1 yakan jingina kacokan da BRM, shi ya sa ake gwajin magungunan da ke rusa BRM ɗin.

Likitan nazarin tsoka a Jos ko Abuja da rini yake neman BRG1. A sa tsokar cikin fomalin mai kashi 10 da zarar an ciro ta, ta yi awa 6 zuwa 72, a yanka ta maikuromita 3 zuwa 4. Cibiyar da ke da furotin ɗin kan ɗauki launin ruwan ƙasa. Sai an ga tantanin jijiyoyin jini da fararen ƙwayoyin jini na gefe sun rinu, na ƙarin kuma ba su rinu ba, kafin a ce an rasa shi. In babu abin da ya rinu ko kaɗan, gwajin ne ya ɓaci, yawanci don tsokar ta daɗe kafin ta shiga fomalin, sai a maimaita. Rinuwa kuma ba ta wanke ƙari: canjin harafi ɗaya na iya kashe injin ya bar furotin ɗin a wurinsa, wannan sai karanta DNA ke tona shi.